Koya wa Ƙananan Yara Kimiyya a Tsakar Gida da Bayan Aji: Tambayoyi da Amsoshi

Waɗannan su ne tambayoyin da suka fi fitowa daga bakin malaman naziri da firamare da Islamiyya, da iyaye a Bauchi da Gombe, game da koya wa yara kimiyya ta hanyar taɓawa da dubawa da gwadawa da hannunsu. An fara da masu sauƙi, sannan aka shiga masu zurfi.

1. Daga shekara nawa ya kamata a fara?

Daga lokacin da yaro ya daina kai duk abin da ya tsinta baki, wato wajen shekara 3 zuwa 4. Ɗan shekara 3 zuwa 5 aikinsa taɓawa da shinshinawa da warewa: ganye mai santsi gefe guda, mai kaushi gefe guda, tsakuwar da ta nutse da karan da ya yi iyo. Minti 10 zuwa 15 ya ishe shi. Daga shekara 6 zuwa 8 sai a shigo da ƙirga da awo, ko da taƙi ne ko da taku, da bin abu ɗaya har tsawon mako. Daga 9 zuwa 11 yaro zai iya faɗin abin da yake zaton zai faru kafin a gwada, ya kuma shirya gwajin da kansa kamar yadda aka bayyana a tambaya ta 6.

2. Makarantarmu ba ta da ɗakin gwaji. Da me za mu yi aiki?

A wannan mataki ba a bukatar ɗakin gwaji. A tara robobin ruwa marasa kala kamar 20, babba ya yanke su biyu: gindin ya zama tukunyar shuka ko kofin awo, saman ya zama mazurari. A ƙara da farar leda, zare, rula, cokali, tire biyu, tsumma, guntun gidan sauro da farar takarda. Mayen ƙarfe ana samun sa a jikin tsohuwar lasifikar rediyo wurin masu gyara. Idan ana son auna ruwa daidai, a sayi sabon sirinji a kemis a cire allurar tun a can. Kada a taɓa tsinto wanda aka yi amfani da shi. Gwangwanin tumatir ko na madara ma yana aiki, amma sai an buge bakinsa da guduma don kada ya yanki yatsa.

Abu guda da ya cancanci a kashe masa kuɗi shi ne gilashin ƙara girma, ko da guda biyar ne ga aji duka. Kafin a samu, robar ruwa cike taf tana ƙara girman abin da ke bayanta, haka ma ɗigon ruwa a kan farar leda. A gargaɗi yara kada su kalli rana da gilashin, kuma kada a bar shi a rana kusa da takarda ko busasshiyar ciyawa, domin yana tada wuta.

3. Ban karanci kimiyya ba. In yaro ya tambaye ni abin da ban sani ba fa?

Sai a ce masa, "Zo mu duba." Wannan amsa ta fi ƙirƙirar bayani nesa ba kusa ba, domin yaro yana riƙe amsar ƙarya shekara da shekaru in daga bakin malaminsa ko mahaifiyarsa ta fito. A ware shafi ɗaya a bango a riƙa rubuta irin waɗannan tambayoyi. Wasu za a warware su da gwaji, wasu a kai wa manomi ko makiyayi ko mai ginin tukwane a unguwa, waɗanda suka fi littafi sanin ƙasar wurin da tsirranta.

Matsalar da ta fi yawa ma ta masu sani ce: saurin ba da amsa. Yaro ya ce, "Malam, tururuwa ƙafarta nawa?" sai a ce shida, magana ta mutu. In aka sa ta a farar roba aka ce ya ƙirga, zai samu shida, gobe ya ƙirga na gizo-gizo ya samu takwas, ya dawo da sabuwar tambaya da kansa. Tambayoyi uku sun ishi babba: me ka gani, me kake zaton zai faru, yaya za mu gane?

4. Ajina ya haura yara 70. Yaya zan fita da su ba tare da hargitsi ba?

Fita ba tare da takamaiman aiki ba ita ce ke kawo hargitsi. Kafin a bar aji a faɗi abu ɗaya tak da za a nema, misali ganye iri biyar da suka faɗo ƙasa. A raba yara rukuni-rukuni, shida zuwa takwas, kowa da aikinsa: mai riƙe leda, mai ƙirga, mai zane, mai bayani. A shata wa kowane rukuni fili da zare ko toka, taku uku a kowane gefe. Ƙaramin fili yana tilasta wa yaro durƙusawa ya duba da kyau, babban fili kuwa gudu yake gayyata.

Minti 5 na bayani, 15 a waje, 15 a dawo a baje abin da aka samo a yi magana. Wannan zama na ƙarshe kada a yanke shi, domin a nan ake koyon. In babu wani babba da zai taimaka, a fita da rabin aji yau, rabi gobe. Da sassafe ya fi, kafin ƙarfe 10, musamman a watan Maris da Afrilu. A ƙirga yara wajen fita, a sake ƙirgawa wajen dawowa, sannan a karanta tambaya ta 9 kafin fitar farko.

5. Wane gwaji ya fi dacewa a fara da shi?

Tsiron wake da masara. A zaɓi ƙwayoyin da ba su da hudar ƙwari, a jiƙa su kwana ɗaya. A guji irin shuka na leda mai hoda ja ko shuɗiya a jiki, domin maganin ƙwari ne aka shafa masa, bai kamata yaro ya taɓa ba. A huda gindin roba wuri huɗu, a naɗa takarda ko tsumma a jikin bangonta ta ciki, a cika tsakiya da yashi mai danshi, sannan a cusa ƙwaya huɗu ko biyar tsakanin takardar da bangon yadda za a riƙa ganin su ta waje. Ruwa murfin roba biyu a rana ya isa. A fara ranar Litinin, don abin ya faru a idon yara, ba ranar Asabar da babu kowa ba.

A kwana na biyu ko na uku saiwa ce ke fara fitowa, kuma ko ta ina aka juya ƙwayar, ƙasa za ta nufa. A sa yara su kwantar da wata, su kifa wata, su gani. Wajen kwana na huɗu zuwa na shida karan waken yana fitowa a lanƙwashe, ya jawo ɓari biyu na ƙwayar zuwa sama, ganyen farko ya buɗe a tsakaninsu. Ɓarin nan biyu su ne guzurin tsiron, kuma yara za su ga suna yamushewa kullum har su faɗi. Masara ba haka take ba: ƙwayarta tana zama a ƙasa, ta turo tsinke ɗaya mai tsini, ganye ya warware daga cikinsa. A ajiye su gefe da gefe, kowace safiya a auna tsawo da zare, a yanke zaren a manna a takarda a jere.

In an dasa waken a fili, bayan mako huɗu ko biyar a haƙo ɗaya a hankali da ƙasarsa, a wanke saiwar. Za a ga ƙananan ƙulle-ƙulle a jikinta. A tsaga ɗaya da farce: mai aiki cikinsa ja-ja ne. A ciki akwai ƙwayoyin halitta da ke ɗauko nitirojin daga iska, sinadarin da manomi ke saye a buhun yuriya. Abin da ya sa ke nan ake haɗa wake da gero ko dawa a gona ɗaya, kuma yaron da mahaifinsa ke noma zai koma gida da magana.

6. Mun shuka, ya ruɓe ko ya ƙi fitowa. Me ya jawo?

Yawan ruwa shi ne na farko. Kowane yaro yana son ya zuba, ƙwaya kuwa tana bukatar iska, in ta nutse sai ta yi wari. A naɗa mai ba da ruwa guda ɗaya a rana. Na biyu rana: farar roba a ranar bazara tana dafa saiwa, don haka a ajiye inda akwai haske amma rana ba ta duka kai tsaye. Na uku tsohon iri ko wanda ƙwari suka cinye cikinsa. Da sanyin Disamba da Janairu kuma tsiro yana jinkiri da 'yan kwanaki, ba mutuwa ya yi ba. Sauran ɓarnar ta awaki da kaji ce, a ɗora a kan taga ko a kife da kwando. Wanda ya ruɓe kada a zubar a ɓoye. A kawo shi gaban aji a tambayi yara me ya bambanta shi da wanda ya fito.

Daga nan sai a koya musu ƙa'idar da duk gwaji ya dogara a kanta: abu ɗaya ake sauyawa, sauran a bar su daidai. A shirya kashi huɗu: mai danshi a haske, busasshe a haske, wanda ruwa ya shanye kansa, da mai danshi a cikin kwali mai duhu. Iri ɗaya, yashi ɗaya, rana ɗaya, kuma kowane kashi roba uku, domin roba ɗaya tana iya ƙin fitowa don wani dalili dabam. Kafin a fara kowa ya ɗaga hannu a kan zatonsa, a rubuta. Galibin yara za su ce na duhu ba zai fito ba. Zai fito, har ma ya fi na haske tsawo, amma siriri, rawaya, marar ƙarfi. In aka fito da shi haske, cikin kwana biyu ko uku sai ya fara kore.

7. Da damina akwai abin gani. Da rani fa, da komai ya bushe?

Kowane lokaci da darasinsa. Farkon damina, wajen Mayu da Yuni, lokacin dawowar shamuwa ne, da fitowar shinge bayan ruwan farko, da ƙadandoniya da tana da kukan kwaɗi. A kafa ma'aunin ruwan sama: gwangwani mai miƙaƙƙen jiki, faɗin bakinsa daidai da na gindinsa, a fili nesa da itace da indararo, a kan bulo don kada fantsama ta shiga. Kowace safiya a lokaci ɗaya a tsoma rula a rubuta, a zubar. Milimita 1 daidai take da lita 1 a kan fili mai mita ɗaya tsawo da mita ɗaya faɗi. Garin Bauchi yana samun wajen milimita 1,000 a shekara, mafi yawa a Yuli da Agusta, kuma abin yana raguwa in aka nufi arewa wajen Azare.

Da kaka a tara 'ya'yan tsirrai a duba yadda kowanne ke tafiya: ƙarangiya tana maƙale a wando, na tumfafiya yana tashi da audugarsa a iska (babba ne zai ɗauko, duba tambaya ta 9). Da hunturu a goga biro a gashi ko a busasshen tsumma, a kusanta shi da gutsattsarin takarda, za su yi tsalle su manne. Wannan gwaji a watan Agusta ba ya yi da kyau saboda laimar iska, kuma wannan ma abin tambaya ne. A shafa man kaɗanya a farar takarda a rataye kwana biyu don ganin ƙurar da muke shaƙa. Sannan a zaɓi itace biyu a bi su shekara guda: kuka tana zubar da ganye da rani, gawo kuwa da damina yake zubarwa, ya yi kore shar lokacin da sauran suka bushe. Bazara ta fi dacewa da gwajin randa da ke tambaya ta 11.

8. Za a iya kiwon talibambam ko wasu ƙwari a aji?

Za a iya. Babba ne zai ɗebo da moɗa mai dogon hannu, ba yara ba. Goma sun isa a bokiti mai lita biyar. A yi amfani da ruwan sama ko na rijiya. In na famfo ne a bar shi ya kwana biyu a buɗe. Abincinsu ɗan ganyen alayyafo da aka tafasa, kamar girman farce. Yawan abinci shi ke ɓata ruwa ya kashe su. A sauya kashi ɗaya cikin uku na ruwan duk bayan kwana biyu ko uku, a ajiye a inuwa. Ƙafafun baya ne ke fara fitowa, sannan na gaba, sannan wutsiya ta riƙa raguwa. Da zarar na gaba sun fito a sa dutse mai gangare da ya ɗara ruwan, in ba haka ba za su nutse, domin sun koma shaƙar iska. Abin yana ɗaukar makonni kaɗan, daga nan a mayar da su inda aka ɗebo su.

Tsutsar sauro ta fi sauri, kuma amfaninta ya fi kai wa gida. A ɗebo ta daga tsohuwar taya ko gwangwani, a zuba a kwalba, a ɗaure bakin da gidan sauro tamau. Cikin mako ɗaya zuwa kwana goma yara za su ga ta dunƙule, sannan sauro ya fito. Wadda ke kwanciya a miƙe daf da saman ruwa ta sauron zazzaɓin cizon sauro ce, mai rataye da kai ƙasa ta wani iri ce. A kwalba ta biyu a ɗiga man gyaɗa ya rufe saman ruwan, a ga abin da zai faru da abin da ke shaƙar iska daga sama. Ba a sakin sauron: a bar kwalbar a rana a rufe. Aikin gida shi ne kowane yaro ya zaga gidansu ya kife duk abin da ya tara ruwa.

9. Waɗanne haɗura ne na gaske, kuma yaya ake kauce musu?

Maciji na farko, musamman kububuwa, wadda ta yi yawa a kudancin Gombe wajen Kaltungo da Billiri da Balanga. Ƙarama ce, kalar ƙasa, tana ɓuya ƙarƙashin duwatsu da tarin kara. Babba ya zaga filin kafin yara su fito. A sa takalmi mai rufi. Ba a sa hannu a rami ko suri ko kogon itace. Babba kaɗai ke juya dutse, da sanda, yana ɗaga gefen da ke nesa da shi don dutsen ya tsaya tsakaninsa da abin da ke ƙasa, maciji ne ko kunama. In aka yi sara, a kwantar da yaro, a hana gaɓar motsi, a cire zobe ko awarwaro, a ɗauke shi zuwa asibiti nan take. Ba tsaga, ba tsotsa, ba ɗaurewa da igiya. Dafin kububuwa yana hana jini daskarewa, tsaga tana jawo zubar jini da ba ya tsayawa, kuma yaro yana iya zama kamar lafiya ƙalau a sa'o'in farko. A Kaltungo akwai asibitin da ya ƙware a kan saran maciji.

Na biyu ruwa. Kududdufi da bakin dam, irin su Gubi da Dadin Kowa, ba wurin shigar yara ba ne. Ban da nutsewa, a ruwan da ke kwance ake ɗaukar tsargiya: tsutsarta tana fitowa daga jikin ƙananan dodon koɗi ta ratsa fata, ko da ba a sha ruwan ba. Na uku tsirrai. Farin ruwan tumfafiya da na tinya yana illa ga ido; in ya shiga a wanke da ruwa mai tsabta da yawa na kamar minti 15, a tafi asibiti. 'Ya'yan zaƙami, zurma, bini-da-zugu da idon zakara guba ne, kuma idon zakara ja ne da ɗigon baƙi, yana jan hankalin yara ƙwarai. Doka ɗaya ce: a wajen darasi ba a ɗanɗana komai, har da laimar kwaɗi.

Ba a taɓa mushen ɓera ko na tsuntsu ko kashinsu, domin Bauchi tana cikin jihohin da zazzaɓin Lassa ke yawan ɓulla. In hadari ya haɗu ana walƙiya, a koma aji, ba gindin itace ba. Bayan kowace fita a wanke hannu da sabulu.

10. Yaya za a nuna wa yara bambancin ƙasa da dalilin zaizaya?

A cika kashi ɗaya cikin uku na roba da ƙasa, a ƙarasa da ruwa, a girgiza sosai a ajiye. Yashi yana kwanciya cikin minti ɗaya, mai laushi ya biyo baya cikin sa'o'i, yumɓu kuwa sai ya kwana ɗaya ko biyu, ruɓaɓɓen ganye yana yawo a sama. A yi da ƙasar jigawa da ta fadama a jera su. Sannan a sa tsumma a mazurari biyu, a zuba ƙasa daidai, ruwa daidai, a ƙirga har ɗigon farko. Yara za su gane da kansu dalilin da ya sa shinkafa ke fadama, gero ke jigawa.

Yaron garin Gombe ya san kwazazzabo, wataƙila ma yana bin gefensa zuwa makaranta. A cika tire biyu, ɗaya da ƙasa tsirara, ɗaya da ƙasar da aka yanko da ciyawarta da saiwarta. A jingina su gangare ɗaya, a zuba ruwa lita ɗaya daga gwangwani mai huda-huda, daga tsayi ɗaya, a tari abin da ya gangaro a farar roba. Ɗaya jajir, ɗaya kusan garau. In babu bambanci, galibi ƙasar ta bushe ta yi tauri ne, sai a jiƙa duka biyun tun da daddare. Ga manyan yara, a ɗiga ruwan lemon tsami a kan farar ƙasa irin wadda ake haƙa a Ashaka don yin siminti: za ta yi kumfa, haka ma ɓawon ƙwai da aka daka, amma dutsen tsaunukan da ke kewaye da Bauchi ba zai yi ba.

11. Akwai abin da uwa za ta iya yi a madafi ba tare da an fita ba?

Akwai zoɓo. A jiƙa tafi ɗaya a kofin ruwan zafi, ba sukari, a tace, a tsarma shi da ruwa har a riƙa ganin haske ta cikinsa. In ya yi kauri sauyin ba ya fitowa. A raba kofi uku masu garau. Na farko a bar shi don kwatance. Na biyu a matsa lemon tsami, ya ƙara ja. Na uku a zuba ruwan kanwa ko ruwan toka cokali-cokali, ya koma kore mai duhu. A matsa lemo a na ukun: zai yi kumfa, jan ya dawo. Aikin da kanwa ke yi ke nan in aka sa ta a miyar yakuwa don kashe tsami. Daga nan yara su gwada tsamiya, nono, ruwan sabulu, suna faɗin zatonsu tukuna. Ba a shan ko ɗaya.

Sai randa. A zuba ruwa ɗaya a tulun ƙasa da a roba, a ajiye a inuwa ɗaya, bayan awa uku a tsoma yatsa. Jikin tulu yana tsattsafo da ruwa, iska ta busar da shi, bushewar ta tafi da zafi. A shafa wa yaro ruwa a bayan hannu ɗaya a yi masa fifita, zai ji abin a fatarsa. A kan wannan ne Mohammed Bah Abba, wani malami a Jigawa, ya yaɗa dabarar sa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don adana kayan miya, har ya samu lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Yara za su iya haɗa ƙarama, su sa tumatir ɗaya a ciki, ɗaya a waje, su ƙirga kwanaki. Da bazara da hunturu take aiki sosai. A tsakiyar damina iska ta riga ta ƙoshi da laima.

12. Rana da wata fa, tunda ba a taɓa su?

Ana taɓa inuwa. A kafa sanda mai tsawon mita ɗaya a miƙe a fili mai daidai, kowace awa a sa tsakuwa a ƙarshen inuwarta. Za a ga tana gajarta har ta kai iyaka, sannan ta fara tsawo ta gabas. A Bauchi da Gombe hakan galibi ba ƙarfe 12 daidai yake faruwa ba, yana kamawa tsakanin wajen ƙarfe 12 zuwa wajen 12 da rabi, gwargwadon watan shekara. Wannan shi ne zawalin da ɗaliban Islamiyya ke karantawa a babin lokutan salla. Wajen tsakiyar Afrilu da ƙarshen Agusta rana tana tsayawa daidai tsakiyar ka, inuwar sanda ta kusa ɓacewa. Tsakanin waɗannan lokuta biyu inuwar tsakar rana kudu take karkata, sauran shekara arewa.

Wata kuma aikin gida ne: daga ranar da ya tsaya, kullum bayan magariba yaro ya tsaya wuri ɗaya ya zana siffarsa da inda yake. Cikin mako biyu zai ga ya tashi daga yamma ya koma gabas, yana cika. Bayan nan fitowarsa tana yin dare, sai a koma duba shi da asuba.

13. Yaran ba su iya rubutu ba tukuna. Yaya za su adana abin da suka gani?

Da zane, da ƙirga da tsakuwa ko kara, da manna ganye, da zaren awo na tambaya ta 5. A ce su zana abin da ke gabansu, har da hudar da ƙwaro ya yi a ganye, ba ganyen da ke cikin kansu ba. Babba ya rubuta kwanan wata da maganar yaro yadda ya faɗe ta. Inda iyaye ba sa son zanen abu mai rai, a tsaya ga tsirrai, sawun ƙafa, gida da ƙirga. A bar yaro ya yi bayani da harshen da yake tunani da shi, Hausa ce ko Fulatanci ko Tangale, kalmar littafi ta zo daga baya, bayan ya ga abin.

14. Yara suna zuwa da maganganun gida, kamar tsaka guba ce ko bakan gizo yana shanye ruwa. Mu ƙaryata?

Kada a ce wa yaro kakarsa ta yi ƙarya. A ce, "Yaya za mu gane?" Bakan gizo ana iya yin sa: da hantsi ko bayan la'asar, yaro ya ba rana baya, a fesa ruwa a gabansa daga roba mai ƙananan huda. Tsaka ba ta da dafi, ƙwari take ci, ana iya kallon ta da daddare kusa da fitila a ƙirga abin da ta kama. Amma rufe abinci daidai ne, domin duk abin da ya faɗa ciki yana iya kawo ƙazanta. Mujiya kuma, da ake camfi da ita, ɓeraye take farauta. Wasu maganganun manya kuwa gwaji yana tabbatar da su, irin dawowar shamuwa daf da ruwa, kuma ya kamata yara su ga wannan ɓangaren ma.

15. Ya cancanci a tara kuɗi a kai su Yankari?

Ya cancanta ga 'yan shekara 8 zuwa sama da suka riga suka saba dubawa a gida. An ware dajin a 1956, aka buɗe wa baƙi a 1962, yana ƙaramar hukumar Alkaleri, tafiyar sama da kilomita 100 daga garin Bauchi zuwa sansanin Wikki. Rani ya fi, lokacin da ciyawa ta kwanta, dabbobi suna taruwa wajen kogin Gaji. Kada a yi wa yara alkawarin ganin giwa. A shirya su su duba sawu, kashi, da rassan da aka karya. Ruwan maɓuɓɓugar Wikki ɗuminsa yana nan wajen digiri 31 duk shekara, sai a tambaye su daga ina ɗumin yake. Birai a sansanin suna fizge abinci, don haka a ɓoye leda, kada a ba su komai. Babba ɗaya ga yara biyar a bakin ruwa, kuma a tuntuɓi hukumar wurin a kan kuɗin shiga da halin hanya kafin a sa rana.

16. Wannan ba zai ci lokacin manhaja ba? Kuma yaya zan gane yaro yana koyo?

Abubuwa masu rai da marasa rai, tsirrai, ƙasa, ruwa, iska da yanayi duk suna cikin manhajar kimiyya ta firamare. Abin da za a yi shi ne a ɗauki jadawalin zango a daidaita shi da lokaci: tsiro da kwaɗi da damina, 'ya'yan tsirrai da kaka, iska da ƙura da hunturu. Darasi ɗaya a mako a waje, sauran a aji ana gina bayani da rubutu a kan abin da aka gani.

Wajen aunawa, a ba yaro abin da bai taɓa gwadawa ba. A miƙa masa gyaɗa a ce, "Wani ya ce ta fi saurin fitowa a yashi a kan yumɓu. Yaya za ka gane?" Wanda ya koya zai nemi roba fiye da ɗaya ga kowace ƙasa, ya ce a zuba ruwa daidai, a ajiye wuri ɗaya, a shuka rana ɗaya. In ya manta ɗaya daga ciki, kada a gyara masa. A bar shi ya shuka haka, bayan mako ɗaya a zauna tare da shi a kan sakamakon, a tambaye shi ko ƙasar ce ta kawo bambancin ko wani abu dabam.